RA'AYINMU: A DUBA MUDU KAFIN A KARƁI AWO



Zaɓe ya ƙarato, alamunsa kuma ba su ɓuya ba. Motocin lasifika sun fara zagaya ƙauyuka, gidajen rediyo sun cika da sojojin baka, ana ta share filayen lacca. A da, kirari da alkawari ɗan siyasa yake zuwa da su. Yanzu ya ƙaro wani makami, wato alƙaluma. Wannan ya hau mumbari ya ce an rage talauci da kashi kaza cikin ɗari. Wancan ya hau ya ce ƙarya ne, an ƙara talauci da miliyan kaza. Kowannensu yana kaɗa takarda, kowannensu yana rantsuwa cewa hukuma ce ta ba shi. Talaka yana tsaye a rana, ya ji lambobi masu tsawo, sai ya ce a ransa, "To, tunda da lissafi aka zo, ai babu gardama."

Akwai gardama, jama'a. Abin da ya sa muka rubuta wannan sharhi ke nan.

Ba a taɓa yi wa mutumin Ɗanbatta wayo a kan awo ba. Ranar Lahadi in ya shiga kasuwa sayen gero, ba ya karɓar maganar mai awo cewa "tiya goma ce." Sai ya ɗauki tiyar ya juya ta, ya duba ko an buga mata gindi, ya ga ko cika aka yi ko shafe. Addininmu ma bai ɗauki wannan da wasa ba, domin sura guda a Alƙur'ani mai girma, Suratul Muɗaffifin, da gargaɗin masu tauye mudu ta fara. To, alƙaluman da ake karanto muku a filin lacca su ma awo ne. Wani ne ya auna, da wani mudu, a wata rana, don wata bukata. Wanda ba ya yarda a tauye masa tiyar gero, bai kamata ya yarda a tauye masa hankali da lamba ba.

INDA RIBA TAKE, CAN LAMBA TAKE KARKATA

Bari mu fara da uwar alƙaluma duka, wato ƙidayar jama'a.

Dattawanmu sun san zamanin haraji da jangali. A lokacin, in malamin haraji ya iso gari tare da dagaci da mai unguwa, kowane kai da aka rubuta kuɗi ne za a biya wa En'e. Saboda haka saurayi ya kan zama yaro, baƙo ya kan zama mai wucewa, shanu kuma su kwana a daji har sai an gama jangali. Ƙidayar da Turawan mulkin mallaka suka yi a 1952 zuwa 1953 ta ce mutanen Nijeriya miliyan 30 ne da 'yan kai, kuma masana sun daɗe suna cewa an bar mutane da yawa a baya, domin jama'a sun ɗauka rubutun haraji ne. Haraji da jangali ba su bar Jihar Kano ba sai a 1979, lokacin da Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya soke su.

Da mulkin kai ya zo, sai abin ya juya. Yawan kai ya zama yawan kujeru a majalisa da yawan kaso daga asusun tarayya. Wanda jiya yake ɓoye kai, yau shugabanninsa suna neman ƙarin kawuna. Ƙidayar 1962 rigima ta cinye ta, aka soke. Aka sake a 1963, aka ce miliyan 55.6, Firimiyan Jihar Gabas Dokta Michael Okpara ya ƙi yarda, har magana ta kai kotu. A 1973, zamanin Janar Yakubu Gowon, aka ce miliyan 79.8; ƙasa ta ɗauki zafi, Janar Murtala Muhammad ya soke ta da ya hau mulki a 1975. A 1991 aka ƙirga aka sami ƙasa da miliyan 89, alhali kafin nan ana ta faɗa a jaridu da manyan taruka cewa mun haura miliyan 100.

Ga wani abin mamaki kuma. A zaɓen 1983, hukumar zaɓe ta FEDECO ta ce ta yi wa mutum miliyan 65 rijista, bayan a 1979 ba su kai miliyan 49 ba. Ku yi lissafin da kanku. Shekara takwas bayan haka, da aka ƙirga kowa da kowa, har da jariran goye, ba a kai miliyan 89 ba, kuma kusan rabin mutanen ƙasar nan yara ne da ba su isa jefa ƙuri'a ba. To, daga ina manya miliyan 65 suka fito a 1983? Ramin ƙarya ƙurarre ne.

A 2006 aka yi ƙidayar da ta ce mu miliyan 140 ne, Jihar Kano miliyan 9.4, Jihar Legas miliyan 9.1. Gwamnatin Legas ta ce atafau, nata lissafin miliyan 17 da rabi ne. Ita Ƙaramar Hukumar Ɗanbatta, abin da aka rubuta mata ya ɗan haura 200,000. An shirya wata ƙidayar a watan Mayu na 2023, aka ɗage ta ana saura 'yan kwanaki. Ke nan yaron da aka haifa jim kaɗan bayan ƙidayar 2006 ya isa jefa ƙuri'a a 2024 ba a taɓa ƙirga shi ba. Duk wanda ya faɗa muku yawan mutanen Ɗanbatta a waɗannan shekaru, kintace ya yi: ya ɗauki tsohuwar lamba ya riƙa ƙara mata wani kaso kowace shekara. Kintace ba laifi ba ne, ma'aikata da shi suke tsara aiki. Laifin shi ne a sayar muku da kintace da sunan ƙidaya.

Sannan ku riƙe wannan da kyau: ƙidayar 1991 da ta 2006 ba su tambayi kowa ƙabilarsa ko addininsa ba. Saboda haka in wani ya hau mumbari ya ce ƙabila kaza kashi kaza ce a Nijeriya, ko mabiya addini kaza sun kai miliyan kaza daidai, don ya tunzura ku a kan 'yan'uwanku 'yan ƙasa, ku tambaye shi wane ne ya ƙirga masa.

IN AN CANZA MUDU, BA HATSI NE YA ƘARU BA

Wayo na biyu ya fi na farko laushi, domin babu lambar ƙarya a cikinsa. Mudu ake canzawa, a yi shiru.

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a ƙarshen 2020 marasa aikin yi sun kai kashi 33.3 cikin ɗari, wato mutum ɗaya cikin uku. A watan Agusta na 2023 hukumar nan dai ta fito ta ce kashi 4.1 ne a farkon wannan shekarar. Shin masana'antun Bompai da Sharaɗa ne suka farfaɗo suka kwashe samari? A'a. Ma'anar "mai aiki" aka sake. A tsohon lissafi, wanda bai yi aikin awa 20 a mako ba, marar aiki ne. A sabon lissafi, wanda ya yi aikin awa ɗaya tak a mako don neman kuɗi, an sa shi cikin masu aiki. Yaron da ya gama sakandare yana zaune a gindin bishiya, in ya ɗauki dakon buhu biyu ranar kasuwa, to ya fita daga sahun marasa aiki a takarda. Hukumar ba ta ɓoye wannan ba. Ta ce ta bi tsarin da ƙasashen duniya suke bi ne, kuma a cikin rahoton nan ta bayyana cewa sama da kashi 90 na masu aikin, ƙananan sana'o'i da buga-buga suke yi, ba aikin albashi mai tsari ba. Amma mai lasifika ba zai karanto muku wannan shafin ba. Zai ce ne kawai, "Daga 33 mun dawo da shi 4." Wannan daidai yake da mai awon da ya auna da tiya jiya, ya auna da gwangwani yau, ya ce hatsinka ya ninka.

Haka aka yi da tsadar kaya. A watan Disamba na 2024 an ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8. A watan Janairu na 2025 aka ce 24.5. Ba kasuwar Dawanau ce ta karye cikin wata guda ba. Kwandon kayan da ake aunawa da shekarar da ake kwatantawa da ita aka sabunta. Kuma ko da ba a canza mudu ba, ku fahimci wannan: in an ce hauhawar farashi ta sauka, ba a ce farashi ya sauka ba. An ce ne gudun da yake yi ya ragu. Motar da ta rage gudu a hanyar Kazaure ba baya take komawa ba, gaba take yi.

Tun a watan Afrilu na 2014 muka ga irin wannan. Dare ɗaya aka sanar cewa dukiyar da Nijeriya ke samarwa a shekara ta tashi daga kimanin dala biliyan 270 zuwa dala biliyan 510, har mun wuce Afirka ta Kudu. Dalili shi ne an daina auna tattalin arziki da ma'aunin 1990, an koma na 2010, aka shigo da irin su wayar salula da fina-finai. Gyaran lissafi ne da ya dace a yi. Amma washegari babu matar da ta ƙara ko cokalin mai a miyarta saboda shi.

TALAUCI NAWA, YARA NAWA?

Kada ku ɗauka masu riƙe da gwamnati ne kaɗai suke wannan wasa. Mai neman kujera shi ma yana da nasa: shi babbar lamba yake nema, ko daga ina ta fito.

Hukumar Ƙididdiga ta ce a 2019 matalauta miliyan 83 ne, kashi 40 cikin ɗari. A watan Nuwamba na 2022 ta ce miliyan 133 ne, kashi 63. Sai wani ya haɗa biyun ya ce an jefa mutum miliyan 50 cikin talauci a shekara uku. Ba haka lissafin yake ba. Na farko aljihu ya auna: duk wanda abin da yake kashewa bai kai naira 137,430 a shekara ba, wato wajen naira 376 a rana, shi ne matalauci, kuma ba a sa Jihar Borno a ciki ba. Na biyu kuwa rayuwa ya auna: nisan asibiti, ruwan sha, makewayi, makamashin girki, karatun yara, abinci, tsaro. Mudu biyu ne daban. Talauci ya yi tsanani, wannan babu mai musu, kuma ba ma bukatar ƙarin gishiri kafin mu faɗe shi. Wanda yake da gaskiya a hannunsa, in ya haɗa ta da lissafin banza, shi ya ba abokin hamayyarsa ƙofar tsira.

A cikin rahoton 2022 ɗin nan akwai abin da ya fi shafarmu, amma ba a cika faɗarsa ba: a ƙauyuka kashi 72 ne matalauta, a birane kashi 42. In aka dunƙule aka ce "Jihar Kano," an haɗa Nasarawa da unguwannin masu hali da ƙauyukan Ɗanbatta da Makoɗa a tukunya ɗaya. Haka kuma in ana maganar yawan kawuna, Kano ce a gaba, da matalauta sama da miliyan 10, saboda yawan jama'arta. In ana maganar kaso cikin ɗari kuwa, Sakkwato ce a gaba da kashi 91. Mai son ya kunyata Kano zai ɗauki na farko, mai son ya wanke ta zai ɗauki na biyu. Dukansu rabin magana suka faɗa.

Ga batun yaran da ba sa zuwa makaranta. Shekara da shekaru ana ta maimaita miliyan 10.5, lambar da hukumar UNICEF ta yi ta ambata. A 2022 hukumar UNESCO ta ce miliyan 20. Bambancin ya haɗa da shekarun yaran da aka ƙirga, domin lissafin UNESCO ya kai har 'yan shekara 18. Sannan yaron da yake makarantar allo kaɗai, a irin wannan lissafi marar makaranta ne. Wannan ba ya nufin a bar almajiri yana bara ba karatun zamani, ba sana'a. Yana nufin mu san abin da aka ƙirga, domin maganin yaron da bai taɓa ganin malami ba daban, maganin wanda ya sauke Alƙur'ani bai iya lissafi ba daban. Ita ma gwamnati in ta ce ta sa yara dubu kaza a makaranta, ku tambaya: sunaye a rijista, ko yara a aji? In suna ajin, akwai malami? In akwai malami, ɗan aji shida ya iya karanta wasiƙa? Rijista ba ta karatu.

WAYON MATSAKAICI DA NA KASHI

Akwai ƙananan dabaru biyu da ya kamata kowa ya gane.

Na farko, matsakaici. A ce manoma goma ne a gari. Ɗaya mai babbar gona da tarakta da taki ya sami buhu 100. Sauran taran kowa ya sami buhu 5. In aka haɗa aka raba, sai a ce manomin garin yana samun buhu 14 da rabi. Lissafin daidai ne, amma babu mutum ɗaya a garin da ya sami haka, kuma tara cikin goma rumbunsu zai ƙare kafin damina. A ƙasa irin tamu, inda gonaki suka matsu kuma gado yake ƙara yanka su, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wata Baturiya masaniya, Polly Hill, da ta zauna ta yi bincike a Batagarawa ta ƙasar Katsina da Ɗorayi ta ƙasar Kano, ta nuna cewa a ƙauye guda akwai tazara mai faɗi tsakanin manomi da manomi, kuma a littafin da ta fitar a 1986 ta yi kashedi a kan raunin alƙaluman hukuma game da karkara. Abin da ta sha wahalar bincike ta gano, kowane mai unguwa ya san shi.

Na biyu, kashi cikin ɗari. In asibitin gari yana da ma'aikaciyar jinya ɗaya aka ƙaro ɗaya, an yi ƙarin kashi ɗari bisa ɗari. Daɗin ji a rediyo, amma mata biyu ne dai ga dubban jama'a. Duk wanda ya ce muku kashi kaza, ku ce masa, "Kashin me? Daga nawa zuwa nawa?" Haka nan kuɗin da aka ware a kasafi ba shi ne kuɗin da aka saki ba, wanda aka saki kuma ba shi ne wanda ya isa gindin aiki ba.

TAMBAYOYI BIYAR

Ba mu ce ku ƙi lissafi ba. Ƙasar da ba ta ƙirga mutanenta, a duhu take rabon magani da taki da malamai, kuma a rabon duhu mai ƙarfi ne yake cika hannu. Ma'aikatan ƙididdiga da suke bin gida-gida da rana, aikin ƙasa suke yi. In sun zo ku karɓe su, ku faɗa musu gaskiya, kada ku rage, kada ku ƙara. Faɗanmu da wanda yake ɗaukar aikinsu ya murɗe shi ne.

Saboda haka duk ɗan takarar da ya zo muku da lamba, ku tare shi da tambayoyi biyar, cikin ladabi. Wa ya ƙirga? Yaushe aka ƙirga? Me aka ƙirga, kuma wa aka bari a waje? Da mudun da aka auna bara aka auna bana? A cikin wannan lamba, mazaɓarmu nawa ta samu, kuma a ina za mu je mu gani da idonmu?

Mai gaskiya zai ji daɗin tambayar. Marar gaskiya zai ce ku ba ku yi boko ba. Ku ce masa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sai dai a nan ma a yi hattara: abin da mutum ya gani a unguwarsu shaida ne a kan unguwarsu, ba a kan jiha duka ba. Ido da lissafi taimakon juna suke yi. In sun saɓa, a bincika, kada a yi saurin jefar da ɗaya.

ALKAWARINMU

Jam'iyyarmu ba ta neman a ɗauke mata wannan awo. Ku auna 'yan takararmu da tambayoyin nan biyar kafin ku auna na kowa. Kuma ga abin da muka ɗaure kanmu da shi in kun ba mu amana.

Za mu tsaya tsayin daka a riƙa yin ƙidayar jama'a ta gaskiya a kan lokacinta, ba don mu fi wata jiha yawa ba, sai don a san yawan azuzuwa da gadajen asibiti da ake bukata. Za mu sa a liƙa a kowace mazaɓa, da Hausa, da boko da ajami, yawan malaman kowace makaranta, da yawan ma'aikatan kowane asibiti, da buhunan takin da aka kawo da sunayen garuruwan da aka ba, da kuɗin da ya shigo ƙaramar hukuma kowane wata da inda ya tafi. In aka canza hanyar lissafi, za mu faɗa a fili, mu ajiye tsohuwar lamba kusa da sabuwa. In lamba ta fito ba ta yi mana daɗi ba, za mu karanta ta kamar yadda za mu karanta mai daɗi.

Akwai lissafi guda kuma da yake hannunku. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023, mutum miliyan 93 ne a rijista, amma waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin ɗari ba. Kowane gurbi da aka bari a rumfar zaɓe, wuri ne da mai maguɗi zai so ya cika da alƙalaminsa. Ku adana katinku. Ku fito da sassafe, maza da mata. Ku jefa ƙuri'a, ku tsaya cikin lumana a ƙirga a gabanku, a rubuta a gabanku, a liƙa a gabanku. Wannan ita ce ƙidayar da talaka yake da ikon tsarewa da kansa.

Allah Ya ba mu shugabanni masu cika mudu. Allah Ya ba talaka nasara. Amin.